KARAYAR ARZIKI: DOKA TA SAKE, SAURA LAUYOYI SU KOMA AJI

Daga Wakilinmu

A shekarar 2025 Ƙungiyar Lauyoyin Nijeriya, a ƙarƙashin shugabancin Afam Osigwe, ta fito da wasu ƙa'idodi waɗanda suka ce tilas kowane lauya mai aiki ya riƙa halartar kwas na ƙaro ilmi, ya tara aƙalla maki 5 a kowace shekara. Maganar ta ta da ƙura a tsakanin lauyoyi. Wasu suka ce ƙungiyar ta wuce gona da iri, domin dokar aikin lauya kuɗin shekara kaɗai ta ɗora wa mai son tsayawa gaban alƙali, har dai gardamar ta kai gaban Babbar Kotun Tarayya. Wasu kuwa suka ce ai abin ba sabo ba ne, tun a 2007 ƙa'ida ta 11 ta dokokin ladabin aikin lauya ta wajabta ƙaro ilmi, aiwatarwa ce kurum aka yi sakaci da ita.

Amma a cikin wannan ja-in-ja an bar wata tambaya a baya, wadda ita ce ta fi shafar talaka da ɗan kasuwa. Watau, in lauya ya koma aji, me za a koya masa? Duk wanda ya dubi halin da masana'antu da kasuwannin ƙasar nan suke ciki zai ga cewa babu fannin da ya fi bukatar a sake karatunsa da gaggawa kamar dokar karayar arziki, wadda take tsara abin da za a yi idan kamfani ko mutum ya kasa biyan bashin da ake binsa.

Abin Da Ya Sa Maganar Ta Zama Ta Gaggawa

Tun daga watan Mayu na 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur, da watan Yuni na wannan shekarar da aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, masu cin bashi suka shiga tsaka mai wuya. Wanda ya ciwo bashi da Dala ya wayi gari bashin ya ninka a lissafin Naira. Zuwa watan Disamba na 2024 tsadar kaya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, Babban Bankin Nijeriya kuma ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa zuwa kashi 27.5 cikin ɗari a watan Nuwamba na shekarar. Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Nijeriya ta ba da sanarwa cewa masana'antu 767 ne suka rufe a cikin 2023 kaɗai.

Kowace masana'anta daga cikin waɗannan tana da ma'aikata masu jiran albashi, da 'yan kwangila masu jiran kuɗin kayan da suka kawo, da banki mai riƙe da takardar jingina. Mutanen Arewa sun san ƙarshen irin wannan labari. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shekara da shekaru suna bin haƙƙoƙinsu na sallama, da yawa daga cikinsu suka rasu ba su karɓa ba. Babbar masaƙar UNTL ta bi baya a 2007. A unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano, gine-ginen da ciyawa ta cinye su ne shaida. A wancan zamani dokar kamfanoni ta 1990 ce take aiki, kuma hanyoyin da aka fi bi a ƙarƙashinta biyu ne: ko dai banki ya naɗa wakilin da zai kama kadarorin kamfani ya sayar, ko kuma kotu ta ba da umurnin a rushe kamfanin baki ɗaya.

Daga Jana'iza Zuwa Jinya

Ran 7 ga watan Agusta 2020 Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar kamfanoni, wadda lauyoyi suke kira CAMA, mai sassa 870. Babban abin da ta kawo a wannan fanni shi ne ta ba kamfani mai ciwo damar a yi jinyarsa kafin a yi maganar jana'iza. Ta buɗe sababbin ƙofofi guda biyu.

Ƙofa ta farko, wadda ta fara daga sashe na 434, ita ce ta sulhu da masu bin bashi. Daraktocin kamfani su ne za su kawo shawara, alal misali a yafe musu wani kaso na bashin ko a ƙara musu lokaci. Wani gwani da doka ta amince da shi zai duba shawarar ya kai wa kotu rahoto cikin kwana 28, sa'an nan a kira taron masu bin bashi da na masu hannun jari. In suka amince, sulhun ya hau kan kowa, sai dai ba a taɓa haƙƙin mai riƙe da jingina ba tare da yardarsa ba.

Ƙofa ta biyu ita ce naɗa wa kamfani kantoma, watau mai riƙo. Kotu tana iya naɗa shi, haka ma kamfanin da kansa ko daraktocinsa, ko kuwa mai bin bashin da aka jinginar masa da dukiyar kamfani mai shige da fice, irin su kayan sayarwa da kuɗin ciniki. Sashe na 444 ya jera wa kantoma aikinsa bi da bi. Da farko ya yi ƙoƙarin ceto kamfanin ya ci gaba da aiki. In hakan ya faskara, ya nemo wa masu bin bashi gaba ɗaya sakamakon da ya fi wanda za su samu in an rushe kamfanin. In wannan ma bai yiwu ba, sai ya sayar da kadara ya biya masu jingina da waɗanda doka ta fifita. Muddin kantoma yana riƙo, babu mai kama kayan kamfani ko ya ci gaba da ƙara a kansa sai da izninsa ko na kotu. Wa'adinsa shekara guda ne, amma ana iya ƙarawa.

A ɗauka wani kamfanin casar shinkafa ne a Kano, yana da ma'aikata 200, injunansa lafiya lau, masu sayen kayansa suna nan, amma kuɗin ruwa da tsadar man dizal sun sa ya kasa biyan banki na wata shida. Lauyan da ya tsaya a karatun dokar 1990 zai shawarci bankin ya sa a garƙame ƙofa, ko kuwa in shi ne lauyan kamfanin ya shiga neman umurnin kotu iri iri don jan lokaci. A ƙarshe injuna su yi tsatsa, a yi gwanjonsu da arha, bankin ma bai sami rabin kuɗinsa ba. Lauyan da ya san dokar 2020 kuwa zai kira akanta su zauna, su fitar da lissafin abin da kamfanin zai iya biya a wata, su je wa bankin da shawarar sulhu tun kafin rana ta yi tsaka. Doka ɗaya ce take gaban su biyun, abin da ya raba su ilmi ne.

Har ila yau akwai wasu sauye-sauyen da rashin saninsu zai iya jefa mutum cikin hasara. A dā bashin Naira 2,000 ya isa a nemi kotu ta rushe kamfani in an yi masa takardar neman biya ya yi mako uku bai biya ba. Dokar 2020 ta ɗaga adadin zuwa Naira 200,000, sa'an nan dokar sauƙaƙa kasuwanci da aka sa wa hannu a watan Fabrairu na 2023 ta mayar da ikon yanke adadin ga Hukumar Rajistar Kamfanoni. Daraktan da ya san kamfaninsa ba shi da hanyar tsira amma ya ci gaba da cin bashi da sunansa, kotu tana iya sa shi ya biya daga aljihunsa. Biyan da aka yi wa wani mai bin bashi shi kaɗai don a fifita shi gab da rushewa, ana iya warware shi. Albashin ma'aikata da kuɗin fanshonsu da harajin gwamnati suna gaba da mai jinginar dukiya mai shige da fice wajen biya. Bugu da ƙari, sashe na 705 ya ce ba kowane lauya ne zai zama kantoma ko mai rushe kamfani ba. Sai mai digiri a fannin shari'a ko akanta ko makamancinsu, wanda ya yi aƙalla shekara 5 yana aikin, yana cikin ƙungiyar gwanayen ceto kamfanoni ta BRIPAN ko wata da aka amince da ita, kuma Hukumar Rajistar Kamfanoni ta ba shi izni. Hukumar ta fito da cikakkun ƙa'idodin aikin a 2022.

Ke nan cikin shekara uku dokar ta motsa sau uku. Duk lauyan da ya fito daga Makarantar Horon Lauyoyi kafin 2020, ko a Ikko ya yi, ko a Bwari, ko a Bagauda, ko a Yola, bai karanta ko ɗaya daga cikin waɗannan a aji ba. Su ne kuwa mafi yawan lauyoyin ƙasar nan, kuma daga cikinsu aka naɗa alƙalan da za su yanke hukunci. Hausawa suna cewa in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Dokar Da Ta Kwanta Barci

Duk abin da aka faɗa a sama ya shafi kamfani ne mai rajista wanda doka ta ɗauke shi a matsayin mutum mai zaman kansa. Mafi yawan 'yan kasuwar Kantin Kwari da Sabon Gari da Dawanau ba su cikin wannan aji. Da sunansu suke ciniki, ko da sun yi rajistar sunan shago, saboda haka bashin shago bashinsu ne, har gidan da suke kwana. Su da ma'aikacin gwamnati da ya ci bashin banki a kan albashinsa, dokar da ta hau kansu ita ce dokar karayar arziki ta 1979, wadda aka yi wa gyara a 1992, aka kuma gina ta a kan dokar Ingila ta 1914.

A ƙarƙashinta, mai bin bashin Naira 2,000 ko fiye yana iya roƙon Babbar Kotun Tarayya ta ayyana wanda yake bi a matsayin karyayye, shi ma wanda ake bi yana iya kai kansa. Daga nan sai a damƙa dukiyarsa ga amintacce ya raba wa masu bin bashi, bayan wani lokaci kuma kotu ta sallame shi daga sauran bashin ya sake sabuwar rayuwa. A 1979 Naira ta fi Dalar Amurka daraja, Naira 2,000 kuɗi ne na gaske. Yau ba ta kai kuɗin man fetur lita uku ba. Majalisar Dokoki ta Takwas, wadda ta zauna daga 2015 zuwa 2019, ta zartar da sabon ƙuduri don maye gurbin dokar, amma bai sami sa hannun Shugaban Ƙasa ba.

Da wuya a ji an yi amfani da wannan doka, kuma dalilan a fili suke. Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai sashe na 251 na Tsarin Mulki ya ba ikon sauraron irin wannan ƙara, ita kuwa a manyan birane take zama, nesa da ƙaramin ɗan kasuwa. Ga abin kunya da jama'a suke ɗora wa wanda aka ce ya karye. Ga Tsarin Mulki ya hana karyayyen da ba a sallama ba tsayawa takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa. Daɗin daɗawa, lauyoyi ƙalilan ne suka taɓa shigar da irin wannan ƙara ko sau ɗaya.

Alhali kuwa bashin jama'a ƙaruwa yake yi. A 2017 aka yi dokar da ta ba da damar jinginar da kayan da ake iya ɗauka, kamar injin niƙa da dabbobi da amfanin gona, tare da rajistarsu a Babban Banki, aka kuma yi dokar tattara bayanan masu cin bashi. A 2020 Babban Banki ya ba bankuna ikon cire bashinsu daga kowane asusun da mutum yake da shi a wani banki. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa kamfanin CREDICORP don yalwata ba ma'aikata bashin sayen kaya. Kamfanonin ba da bashi ta wayar hannu kuma sun yawaita, har wasunsu suka riƙa aika saƙon cin mutunci ga dangi da abokan wanda ya makara biya, abin da ya sa Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta Tarayya ta fito da ƙa'idodi a kansu a 2022, ta sake ƙarfafa su a 2025. An faɗaɗa ƙofar shiga bashi, ƙofar fita kuwa tana nan yadda aka bar ta shekara fiye da 40 da suka wuce.

Bashi A Ofishin 'Yan Sanda

Inda doka ta kasa aiki, mutane sukan nemi wata hanya. Abin da aka saba gani shi ne mai bin bashi ya kai ƙara ofishin 'yan sanda, a juya bashin ya zama zamba cikin aminci, a tsare mutum sai danginsa sun yi karo-karo. Sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 da sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kurum, kotuna kuma sun sha nanata cewa 'yan sanda ba masu karɓar bashi ba ne. Amma sau da yawa lauya ne yake rubuta takardar ƙorafin, domin ita ce hanyar da ya sani mai sauri. Wanda ya fi ƙarfi ko ya riga zuwa shi yake kwashe abin da ya rage, sauran masu bin bashi su tashi a tutar babu. Bayan gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna, 'yan kasuwa da yawa sun wayi gari da bashin kayan da suka zama toka, ba da laifinsu ba. Irin waɗannan ne dokar karayar arziki ta kamata ta yi wa rana.

A jihohin Arewa akwai wani ɓangaren kuma. Yawancin ƙararrakin bashi na talakawa a kotunan shari'ar Musulunci da na yanki suke ƙarewa, fiƙihun Malikiyya kuwa yana da babi sukutum a kan wanda bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa, kamar yadda yake a Muhtasar na Halil. Alƙali yana hana shi taɓa dukiyar, ya sayar, ya raba wa masu bin bashi gwargwadon abin da kowa yake bi, ya bar masa tufafi da abin da zai ci da iyalinsa. Wanda ya sami ainihin kayan da ya sayar masa suna nan yana iya ɗaukar abinsa. Wanda aka tabbatar ba shi da komai, jinkiri ake yi masa har ya samu. Sai dai Tsarin Mulki ya sa karayar arziki cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai take yi wa doka. Lauyan da yake aiki a Sakkwato ko Katsina ko Maiduguri yana bukatar ya san inda hanyoyin biyu suka haɗu da inda suka rabu. Haka kuma mai yi wa fataken Maraɗi da Damagaram aiki, ya kamata ya san cewa Jamhuriyar Nijar tana bin dokar bai-ɗaya ta ƙasashen OHADA, wadda aka sabunta a 2015, kuma tana da hanyar sulhu tun kafin ɗan kasuwa ya kai ga kasa biya.

Yadda Wasu Ƙasashe Suka Yi

Amurka ce ta fi shahara a wannan fanni. Dokarta ta 1978 ta ware babi na 7 don sayar da kadara a sallami mutum, babi na 11 don sake fasalin kamfani, babi na 13 kuma don mai albashi ya biya a hankali cikin shekara 3 zuwa 5. Ta babi na 11 ne kamfanin motoci na General Motors ya bi a 2009 ya fito da ransa. A 2005 aka tsaurara sharuɗɗan sallamar masu bashi, a 2019 kuma aka buɗe wata gajeriyar hanya mai arha don ƙananan kamfanoni. Kowane gyara daga cikin waɗannan ya tilasta wa lauyoyi komawa karatu, kuma tsarin yin hakan yana nan tun 1975, lokacin da Jihar Minesota ta zama ta farko da ta wajabta ƙaro ilmi, awa 45 cikin kowace shekara uku. Suna da alƙalai na musamman waɗanda ba su da wani aiki sai shari'ar karayar arziki, ana kuma ba lauya takardar shaidar gwaninta daban a kan bashin kamfani, daban a kan bashin mutum.

Ingila, inda Nijeriya ta aro dokarta, ta yi watsi da dokar 1914 tun a 1986, daga 2004 kuma karyayye yakan sami sallama bayan shekara guda. A Afirka, Kenya ta yi sabuwar doka a 2015 wadda ta haɗa kamfani da mutum wuri ɗaya, Gana kuma ta yi tata ta ceto kamfanoni a 2020.

Abin Da Ya Kamata Kwas Ya Ƙunsa

Nijeriya ba ta rasa wuraren koyarwa ba. Ƙungiyar Lauyoyi tana da cibiyarta ta ƙaro ilmi. Akwai Cibiyar Nazarin Shari'a Mai Zurfi da aka kafa a 1979, akwai Cibiyar Horon Alƙalai ta Ƙasa da aka kafa a 1991, ga BRIPAN tana ba da nata horo, ga Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Abin da ake tsoro shi ne neman maki ya zama al'ada kurum, lauya ya biya kuɗi, ya sa hannu a takardar halarta, ya karɓi satifiket ya koma gida yadda ya zo.

Don kauce wa haka, da farko ya kamata kwas ɗin ya zama na aiki da hannu. Lauya ya koyi karanta lissafin kamfani, ya bambance wanda kuɗin hannu ne suka yanke masa da wanda ya mutu murus, ya rubuta shawarar sulhu, ya jagoranci taron masu bin bashi. Wannan sai an haɗa lauyoyi da akantoci da ma'aikatan banki a ɗaki ɗaya. Na biyu, a sa alƙalai da magatakardan kotu a ciki, domin kamfani mai ciwo ba ya jure ɗage shari'a wata shida. Hukumar AMCON, wadda aka kafa a 2010 don sayen munanan basussukan bankuna, ta karɓi riƙon kamfanin jiragen sama na Arik a watan Fabrairu na 2017, aka kuma shekara da shekaru ana shari'a a kan lamarin, abin da ya nuna irin tsadar da jinkiri yake jawo wa kowane ɓangare. Na uku, a ba bashin mutum rabonsa a cikin karatun, ko da yake ba shi da kuɗin aiki mai tsoka kamar na kamfani, domin masu shan wahalarsa sun fi yawa. Na huɗu, a kai kwas ɗin rassan ƙungiya na Kano da Kaduna da Gusau da Gombe da sauransu a kan kuɗin da ƙaramin lauya zai iya biya, maimakon a tattara komai a manyan otal na Ikko da Abuja.

Wani amfanin kuma shi ne, lauyoyin da suka karanci dokar 1979 da idon basira su ne za su fi kowa iya nuna wa Majalisar Tarayya ramukan da ke cikinta, su matsa a sabunta ta. Dokar da babu mai amfani da ita, babu mai neman a gyara ta.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ƙasar da take kiran jama'arta su ci bashi su yi sana'a dole ta tanadi hanyar da wanda ya faɗi zai tashi ba tare da an ci mutuncinsa ko an cuci masu binsa ba. Gardamar ko ƙaro ilmi tilas ne ko ganin dama ne, wannan tsakanin lauyoyi da kotu take. Amma ma'aikacin da masana'antarsa take tangal-tangal, da ɗan kasuwar da gobara ta cinye wa shago, abin da suke bukata shi ne in sun shiga ofishin lauya su tarar da wanda ya san dokar da take aiki a yau. Gemu dai ba ya hana ilmi.